Daniel David Palmer: Mai kantin da ya ɗora cututtukan duniya a kan ƙashin baya

Duk ma'aikacin da ya shafe shekaru yana wuni a kan kujerar ofis, ko ya saba da doguwar tafiyar mota daga Abuja zuwa Gashuwa ko Nguru, ya san ciwon nan ko da bai san sunansa ba. Yakan faro daga kwankwaso, ya ratsa ɗuwawu, ya gangara ta bayan cinya kamar an ja zaren wuta, wani lokaci har ya kai yatsun ƙafa ya bar su a dashe. Ruku'u ya zama aiki, tari ya zama abin tsoro. A garuruwan arewacin Yobe, mai irin wannan ciwo yakan fara da kemis, daga nan a kai shi wurin maɗori ko wanzami, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. A ƙarshe dai maganar da zai ji ita ce, wai jijiya ce ta danne.

A 'yan shekarun nan wata hanya ta ƙaru a kan waɗannan. Masu zuwa manyan birane da ƙasashen waje, da masu kallon bidiyo a waya, sun san mutanen nan da ke kwantar da majinyaci a kan wani siririn gado, su murɗa masa wuya ko su danna masa gadon baya har a ji ƙas. Sunan sana'ar kairofiraktik. Ba daga asibiti ta fito ba, ba kuma daga jami'a ba. Wani mai kanti ne ya ƙirƙiro ta a wani gari na bakin kogin Mississippi a Amurka, mutumin da bai taɓa zama a ajin koyon likitanci ba, ya sha ɗauri a kanta, ya kuma mutu yana gaba da ɗan cikinsa saboda ita.

An haifi Daniel David Palmer ranar 7 ga Maris, 1845, a yankin da a yau ake kira Ontario a ƙasar Kanada, ya kuma tashi a wani ƙaramin gari mai suna Port Perry. Karatunsa na aji bai yi nisa ba. A 1865, shekarar da yaƙin basasar Amurka ya ƙare, shi da ƙanensa Thomas suka tsallaka iyaka suka bi iyayensu. Shekaru ashirin da suka biyo baya, babu abin da ya nuna cewa tarihi zai tuna da shi. Ya koyar a makarantun ƙauye, ya yi kiwon zuma a jihar Illinois, ya yi noman 'ya'yan itace, daga baya ya buɗe kantin kayan masarufi yana haɗawa da sayar da kifi a garin What Cheer na jihar Iowa. Ya yi aure fiye da sau ɗaya. A What Cheer aka haifa masa ɗa a 1882, Bartlett Joshua, wanda duniya ta fi sani da B.J., kuma mahaifiyar yaron ta rasu yana ɗan shekara biyu.

Abin da ya bambanta Palmer da sauran masu kanti shi ne karance-karance. Yana son littattafan da suka shafi halittar jikin mutum, yana kuma halartar tarukan masu da'awar magana da ruhin matattu, abin da ya yi tashe a Amurka a wancan zamani. Kafin a yi masa dariya, ya kamata a tuna yadda likitancin lokacin yake. Ba a daɗe da daina tsaga jijiya a zubar da jinin majinyaci ba, ana ba mutane magunguna masu ɗauke da zaiba, kasuwa kuma cike take da kwalaben da ake cewa suna maganin komai alhali giya ce da kayan maye a ciki. Makarantun likitanci da yawa kasuwanci ne kawai, a biya kuɗi a karɓi takarda. Wanda ya ce zai yi magani ba tare da ƙwaya ko wuƙa ba, ba ya rasa masu sauraro, domin ko bai warkar ba, aƙalla bai shayar da guba ba.

Wajen 1886 Palmer ya rufe kanti ya shiga abin da ake kira warkarwa da maganaɗisun jiki, wato shafa majinyaci da hannu bisa imanin cewa wani ƙarfi yana fita daga jikin mai magani ya shiga na marar lafiya. Ya fara a Burlington, sannan ya koma Davenport, inda ya kama ɗakuna a wani bene a tsakiyar gari. Ya yi kasuwa sosai. Yana buga takardun talla yana yabon kansa, yana caccakar likitoci da masu riga-kafi, jaridun garin kuma suna rama musu da kiransa ɗan damfara.

A wannan bene ne abin da ya zama tushen sana'ar ya faru. Ranar da mabiyansa suka riƙe ita ce 18 ga Satumba, 1895, lokacin da a nan gida Rabeh ke zaune a Dikwa yana mulkin Borno. Akwai wani baƙar fata mai suna Harvey Lillard da ke kula da tsaftar ginin, wanda jinsa ya yi rauni shekara 17. A yadda Palmer ya ba da labari, Lillard ya shaida masa cewa kurumtar ta same shi ne wata rana da ya sunkuya yana aiki ya ji wani abu ya motsa a bayansa. Palmer ya laluba, ya ji wani ƙullutu a saman gadon bayan, ya yanke hukuncin cewa gaɓar ƙashi ce ta goce. Ya kwantar da shi, ya danna da ƙarfi, jin mutumin kuwa ya dawo. 'Yar Lillard ta ba da labarin ta wata fuska bayan shekaru masu yawa. A wurinta, mahaifinta na cikin raha ne da wani a bakin ofis, Palmer ya fito ya ji ƙarshen labarin, dariya ta kama shi har ya maka wa Lillard littafin da ke hannunsa a baya, bayan 'yan kwanaki Lillard ya ce jinsa ya ƙaru.

Ko wanne labari aka ɗauka, akwai matsalar da ɗalibin shekarar farko a makarantar likitanci zai gani nan take. Jijiyar ji ba ta bi ta ƙashin baya. Daga cikin kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, duk tafiyarta a cikin ƙoƙon kai take. Babu gaɓar da za ta goce a tsakanin kafaɗu ta danne ta. Palmer bai tsaya a kan wannan ba. Ba da jimawa ba ya ce ya yi wa wani mai ciwon zuciya irin wannan danna ya samu sauƙi, sai ya yi tunanin cewa in har cututtuka biyu da ba su da alaƙa sun warke ta hanya ɗaya, to tushensu ɗaya ne. Daga majinyata biyu ya gina hukuncin da ya riƙe har mutuwarsa, cewa kashi 95 cikin 100 na cututtukan ɗan Adam gocewar gaɓoɓin ƙashin baya ce ke kawo su, ragowar kuma gocewar sauran gaɓoɓi. Wani fasto daga cikin majinyatansa, Samuel Weed, wanda ya san Girkanci, shi ya haɗa masa kalmomi biyu masu nufin hannu da aikatawa, aka samu sunan sana'ar.

Wani abin lura shi ne, makonni kaɗan bayan wannan rana, a watan Nuwamba na 1895, wani masani a Jamus mai suna Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Shekara guda ta haifi da'awar da kuma na'urar da za a iya gwada da'awar da ita.

Danna ƙashi da hannu ba Palmer ya fara ba, shi da kansa ma ya yarda da haka. Kowace al'umma tana da maɗoranta. A ƙasar Hausa da Borno ɗori sana'ar gado ce, gida-gida aka san masu ita, kuma har gobe mutum na iya baro gadon asibiti da karaya ya tafi wurinsu. A Ingila ma haka abin yake, har wani babban likitan tiyata, James Paget, ya yi lacca a 1867 yana jan hankalin 'yan uwansa cewa akwai ciwon gaɓoɓin da maɗora ke warkarwa likitoci na kallo, gara su koyi abin da ke da amfani a wurinsu. A jihar Missouri mai maƙwabtaka da Iowa kuwa, Andrew Taylor Still ya riga ya buɗe makarantar gyaran ƙashi da hannu a Kirksville tun 1892, kuma almajiransa sun daɗe suna zargin Palmer da satar fasaha. Abin da Palmer ya ce nasa ne shi ne dabarar kama ƙahonnin da ke jikin kowace gaɓa ta ƙashin baya a yi amfani da su wajen tura ta da sauri, da kuma bayanin da ya ɗora a kai. Bambancinsa da maɗorin gargajiya a nan yake. Maɗori ya tsaya a karaya da targaɗe da gocewar ƙashi. Palmer ya ce da hannunsa zai magance ciwon ciki, da farfaɗiya, da zazzaɓi, da ciwon ido.

Bayanin nasa yana da daɗin ji, shi ya sa ya yi tsawon rai. Laka tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, jijiyoyi kuma suna fita daga gare ta biyu-biyu, hagu da dama, har sau 31, ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin gaɓoɓi. In gaɓa ta goce, in ji Palmer na farko, sai ƙofar ta tsuke, jijiya ta matsu, saƙon da take kaiwa ga hanta ko huhu ko ƙoda ya samu tangarɗa, cuta ta biyo baya. Daga baya ya ƙara da cewa akwai wata basira ta halitta da ke gudana a cikin jijiyoyin, wadda ita ce mai warkarwa ta haƙiƙa, aikin mai danna baya kawai ya buɗe mata hanya. Almajirai suka sauƙaƙa wa jama'a abin da misalin tiyon ban ruwa da aka taka da ƙafa: ɗaga ƙafar, ruwa ya wuce.

Dannewar jijiya gaskiya ce, amma ba yadda ya zana ta ba. Shekara 21 bayan mutuwarsa, a 1934, likitoci biyu a birnin Boston, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna abin da ke haddasa mafi yawan ciwon nan mai gangarawa ƙafa. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar uwarta akwai wani faifai na guringuntsi, bayansa tauri cikinsa laushi, wanda ke aikin matashi. In bayan ya tsage, na cikin ya bulluƙo ya taɓa saiwar jijiya, ya kuma sa ta kumbura. An fi samun haka a gaɓoɓi biyu na can ƙasan kwankwaso, inda nauyin jiki ke sauka, sai kuma a wuya, inda ciwon ke bin kafaɗa ya sauka hannu. Ga masu shekaru kuma, ƙashin da kansa ne ke yin tsiro ya rage faɗin ƙofar. Ba ƙashi ne ya fita daga mazauninsa ba balle a mayar da shi, ƙarar da ake ji lokacin danna kuwa iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji in an ja yatsa. Jijiyar da ta danne a kwankwaso tana kawo zafi da dashewa da raunin ƙafa. Ba ta kawo taifod.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi cewa hannun Palmer ya fi bakinsa gaskiya. Binciken da aka tara cikin shekaru ya nuna cewa danna baya yana ɗan rage ciwon kwankwaso na yau da kullum, gwargwadon yadda motsa jiki da gashi da sauran hanyoyi ke yi, har ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa shi a 2017 cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi. A kan ciwon da ke gangarawa ƙafa hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba, kuma akwai abin da ke rikita lissafi: mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi da kansu cikin mako shida zuwa goma sha biyu, domin jiki kan tsotse abin da ya bulluƙo. Duk wanda hannunsa ke kan majinyaci a wannan tsakani, maɗori ne ko mai tausa ko mai allura, shi ke kwashe yabo. Game da sauran cututtukan da Palmer ya lissafa kuwa, ba a samu komai ba. Hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya ta faɗa a 2010 cewa babu hujjar bincike da ke nuna gocewar da ake magana tana haddasa cuta.

A nan ne labarin ya shafi mai karatu a Nguru ko Gashuwa fiye da na Davenport. A ƙasarmu ciwon baya ba kullum ne na kujera da mota ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, ya rarake gaɓa har ta rufta, kuma farkonsa ba ya wuce ciwon baya mai naci da zazzaɓin dare da rama. Ciwon daji na mafitsara ko na nono yana iya yaɗuwa zuwa can. Danna irin wannan baya da ƙarfi, ko a gadon zamani ko a tabarmar maɗori, yana iya zama sanadin shanyewar ƙafafu. Haka nan wanda ciwon bayansa ya zo da riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa, ko dashewar tsakanin cinyoyi, ko ƙafa ta fara ja, wannan maganar tiyata ce ta gaggawa, ta awoyi ba ta makonni ba. Murɗa wuya kuma, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da tsagewar jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Sai dai ɗaya hanyar ma ba lafiya ce zalla ba. A yankin da ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'a kamar ƙasar Bade, mutumin da ya mayar da ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac abincin kullum saboda kwankwaso yana sayen wata cutar ne da kuɗinsa. A dokar Najeriya, masu kairofiraktik suna ƙarƙashin hukumar da aka kafa a 1988 mai yi wa likitocin gashi da motsa jiki rajista, don haka tambayar mai danna baya takardar rajistarsa ba rashin kunya ba ne.

Irin wannan takarda ce ta kai Palmer kurkuku. A 1897 ya fara koyar da sana'ar a Davenport. Ɗaliban farko 'yan kaɗan ne, har da waɗanda suka riga suka yi karatun likita, kuma karatun na 'yan watanni ne. Ɗansa B.J. ya kammala a 1902. Tun a lokacin baraka ta fara. Wasu almajirai suka buɗe makarantarsu a Cedar Rapids suna haɗa danna baya da na'urorin ja da magungunan itatuwa, Palmer ya ce sun gurɓata masa abu. Wannan rabuwa tsakanin masu tsantsa da masu gauraye tana nan a cikin sana'ar har yau.

A 1906 hukumomin Iowa suka gurfanar da shi bisa laifin yin aikin likita ba da lasisi ba. Kotu ta same shi da laifi ta ci shi tarar dala 350. Ya ƙi biya, ya zaɓi ɗauri, yana ganin hakan zai mayar da shi gwarzo. Bayan 'yan makonni a gidan yarin ƙaramar hukumar Scott sai ya sauya shawara aka biya tarar. Da ya fito ya tarar da ƙasa ta juya. An mayar da kadarorin makarantar hannun iyalin B.J. don kada shari'a ta cinye su, kuma ɗan bai da niyyar mayarwa. Aka sa masu sulhu, suka yanke wa uban dala dubu biyu da 'yan kai, ya karɓa ya bar garin. Ya je Oklahoma wurin ƙanensa, har ya sake buɗe kanti na ɗan lokaci, yana da shekara sittin da ɗaya.

Ba a iya wanke ɗayansu. Uban mutum ne mai zafin rai da taurin kai, wanda bai raini yaron da taushi ba, kuma duk inda ya kafa makaranta da abokan haɗin gwiwa, a Oklahoma ko a Portland ta jihar Oregon, ba a rufa shekara biyu sai an watse. Ɗan kuwa ɗan kasuwa ne na ƙin ƙarawa, wanda ya gane cewa abin da mahaifinsa ke ɗauka wahayi ne haja ce mai tsada. A hannunsa makarantar ta tashi daga ɗalibai 'yan ƙalilan zuwa dubbai. Ya shigo da na'urar hoton ƙashi a 1910, abin da uban ya ƙi. Ya sayi gidan rediyon WOC a 1922, inda wani saurayi mai suna Ronald Reagan ya fara aikin sharhin wasanni kafin ya zama shugaban Amurka. Shi ne kuma ya tsaya wa shari'ar wani almajiri ɗan Japan, Shegataro Morikubo, a jihar Wisconsin a 1907, inda lauya ya ci nasara da hujjar cewa kairofiraktik ba likitanci ba ne, wani fanni ne mai falsafarsa daban, saboda haka dokar likitoci ba ta hau kansa ba. Daga ranar falsafar ta zama garkuwa a kotu, kuma abin da ya zama garkuwa ba a saurin ajiye shi ko da an gano ramukansa.

A Portland Palmer ya fitar da babban littafinsa a 1910, The Chiropractor's Adjuster, mai shafi kusan dubu. Rabinsa bayani ne, rabinsa faɗa, kuma ɗansa ne ya fi shan suka a ciki. A wannan littafi akwai abin da masu tallar sana'ar ba su cika ambata ba. Palmer ya janye daga maganar dannewar jijiya. Bayan ya ƙara nazarin ƙasusuwa, sai ya ce jijiyoyi ba sa matsewa a ƙofofin gaɓoɓi yadda ya koyar da farko, abin da ke faruwa shi ne ƙashin da ya goce yana dogara a jikinsu ya sa su ɗaure fiye da kima ko su saki, kamar tsirkiyar goge. Lafiya a wurinsa ita ce daidaiton wannan ɗauri. Sabon bayanin ma bai fi na farko tushe ba, amma ya nuna cewa tsohon yana sake tunani, ba ya jin kunyar warware maganarsa. B.J. ne ya riƙe misalin tiyo da ƙafa, domin shi ne wanda manomi zai gane cikin minti ɗaya. Hoton da ake nuna wa majinyata a yau da sunan Palmer, hoto ne da Palmer ya yar.

Shekarunsa na ƙarshe sun ƙara nisa da kimiyya. Ya rubuta cewa asalin ilimin ya zo masa ne daga ruhin wani likita da ya daɗe da mutuwa, mai suna Jim Atkinson. A wata wasiƙa ta 1911 ya ba da shawarar a mayar da kairofiraktik addini, da shi a matsayin shugaba, yana jera kansa da waɗanda suka kafa addinai. Akwai lissafi a cikin wannan, domin dokar Amurka ba ta taɓa mai warkarwa da sunan ibada, amma wanda ya karanta rubuce-rubucensa zai ga cewa ba lissafin kaɗai ba ne, mutumin ya yarda da abin da yake faɗa. Mabiyansa ba su bi shi nan ba. Sun zaɓi neman lasisi, kuma a 1913 jihar Kansas ta zama ta farko da ta yi dokar amincewa da sana'ar. Sai a 1974 ta ƙarshe, Louisiana, ta bi sahu, bayan ɗaruruwan masu sana'ar sun sha ɗauri kamar malaminsu. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙe su a fili da ɓoye, har wata kotun tarayya a Chicago ta yanke hukunci a 1987 cewa ƙungiyar ta karya doka wajen haɗa baki don durƙusar da su. Hukuncin bai ce Palmer ya yi daidai ba, ya ce ne ba a kashe abokin gasa ta wannan hanya.

A watan Agusta na 1913, 'yan watanni kafin a haɗe Arewa da Kudu a Najeriya, Palmer ya koma Davenport lokacin bikin shekara-shekara na tsofaffin ɗaliban makarantar da ya kafa. An shirya jerin gwano a kan titin Brady. Aka ba shi wuri a mota, ya ƙi, ya ce shi ne zai shige gaba da ƙafa tunda shi ya kafa abin. Aka yi ta jan sa gefe yana komawa. Abin da ya faru bayan nan shaidu sun saɓa a kansa. Wasu sun ce motar da B.J. ke tuƙawa ta buge shi, wasu sun ce ko taɓa shi ba ta yi ba, tuntuɓe ya yi. Ya koma Los Angeles inda yake zaune, ya kwanta ciwo, ya mutu ranar 20 ga Oktoba, 1913, yana da shekara 68. Takardar shaidar mutuwarsa ta ce zazzaɓin taifod ne, cutar da ƙwayar cuta ke kawowa ta gurɓataccen ruwa da abinci, irin bayanin da ya shafe rayuwarsa yana yi wa ba'a.

Abokan hamayyar B.J. sun kai maganar motar gaban shari'a suna neman a tuhume shi da kisan mahaifinsa. Masu taimaka wa alƙali sun duba suka ƙi amincewa da tuhumar, amma zargin ya bi shi har mutuwarsa a 1961. An ƙona gawar tsohon, daga baya ɗan ya kawo tokar Davenport ya ajiye ta a gindin wani mutum-mutumi na mahaifin nasa a harabar makarantar, a bakin titin da aka yi jerin gwanon. Harvey Lillard kuwa ya bar Iowa ya koma birnin Seattle, inda ya rasu a 1925.